Labarin Da Marubucinsa Bai San Ƙarshensa Ba

Tun farko in faɗa, wannan rubutu ra'ayina ne ni kaɗai, ba matsayar ƙungiya ba, don kada gobe a ce sakatare ya yi amfani da shafin jama'a ya yanke hukunci a kan abin da kwamiti bai gama tattaunawa ba.

A zamanmu na ƙarshen watan jiya mun zo kan batun gasar ƙagaggun labarai da muke son shirya wa matasanmu a dogon hutu. Na kawo shawarar cewa duk wanda zai shiga, kafin ya fara rubutu, ya miƙo takarda guda ɗaya da ke nuna su wane ne a labarinsa, me ya haɗa su, kuma a ina labarin zai ƙare. Ban rufe baki ba musu ya kaure. Wani ɗan kwamiti, malamin makaranta ne kuma ya girme ni, ya dube ni ya ce, "Sakatare, labari fa ba taron ƙungiya ba ne da za ka yi masa ajanda." Aka yi dariya, har da ni. Hujjarsa ita ce hikima baiwa ce, tana zuwa ne lokacin da alƙalami ke tafiya, kuma in ka tilasta wa yaro ya tsara komai tun farko ka kashe masa ita. Magariba ta yi ba mu cimma matsaya ba, aka ɗage maganar. Shi ya sa na ga ya dace in baje hujjata a nan, inda marubutan da kansu za su gani.

Daga gidana abin ya taso. Uwargida tana cikin masu bin littattafan nan da ake saki shafi-shafi a zaurukan WhatsApp. Bara ta biya naira 500 aka saka ta a zauren wata marubuciya, bayan an ɗanɗana musu shafuka ashirin kyauta. Labarin ya fara da kyau, har ni da nake yi mata tsiya sai ga ni da daddare ina tambayarta yau kuma me ya faru. Labarin wata marainiya ce da aka cinye mata gado, takardun gidan mahaifinta suka ɓace ranar sadakar bakwai, kuma a cikin dangi ne wani ya ɗauke. Wane ne? Wannan tambaya ce ta sa mutane suka tura kuɗinsu. Da aka kai wajen shafi na 40 sai mijin yarinyar ya yi hatsari a hanyar Jos ya manta kowa. Bayan 'yan shafuka aka ce ashe Usaina ce, ga Hassanarta ta diro daga Saudiyya, alhali ba a taɓa ambatar tagwaye ba. Daga nan aljani ya shigo. Yarinyar da aka ce tana karatun likita a farko, can gaba sai ga ta a kotu da rigar lauya. Da aka haura shafi na 70 marubuciyar ta ce wayarta ta lalace, daga baya ta ce ba ta da lafiya, daga nan sai shiru. Bayan wata biyu ta dawo da tallan sabon littafi. Wanda ya ɗauke takardun gida har yau ba a sani ba, kuma ina kyautata zaton ita ma ba ta sani ba.

Ba na kiran wannan baiwar Allah 'yar damfara. Na yi imani ta fara ne da kyakkyawar niyya, ta sami mafari mai daɗi, ta ce in an shiga hanya ƙarshe zai kawo kansa. Bai kawo ba. Naira 500 ba za ta talauta kowa ba, amma zauren cike yake da mata, kowace ta sayi data, kowace ta hana idonta barci. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan zai ba su labari, ya ɗauki amana kamar telan da ya karɓi yadi da kuɗin ɗinki. Tela ba ya cewa bari in fara yanka, can gaba zan gane riga ce ko wando.

Mu mutanen Bauchi ba sai mun je nesa neman misali ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na wani matashin malamin Midil ta Bauchi wanda shekarunsa ba su fi 21 ko 22 ba a lokacin, wato Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu muna wucewa ta gabansa kullum. Da yawanmu mun karanta Shaihu Umar a makaranta don cin jarrabawa. Ina roƙon marubutanmu su sake ɗaukarsa, wannan karon su duba yadda aka gina shi.

Littafin ya buɗe ne da ƙarshensa. Ga dattijon malami zaune a Rauta, kusa da Bauchi, almajirai kewaye da shi, suka tambaye shi asalinsa, ya fara ba su labari. Ke nan tun shafin farko mai karatu ya san Umar bai mutu a hannun masu satar mutane ba, hamada ba ta cinye shi ba, ya girma ya zama shaihi. Marubucin ya ba ka amsar da marubutan yau ke ɓoyewa har shafi na 100, amma duk da haka ba ka iya ajiye littafin. Me ya riƙe ka? Uwar. Labarin igiya biyu ne. Ɗaya ta yaro: an haife shi a Kagara, makircin fada ya kori Makau mijin uwarsa, an sace shi, ya faɗa hannun masu bayi har Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu ya ba shi ilimi. Ɗayar kuma ta uwa ce da ta bar komai ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, ita ma ta ƙare a bauta a ƙetaren hamada. Kana karatu kana lissafi, yaushe waɗannan biyu za su haɗu? Suka haɗu bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu. Duk wanda ya taɓa gwada rubutu ya san igiya biyu da aka saki a wurare daban-daban ba sa haɗuwa da kansu. Sai mai riƙe da su ya san wurin da zai ƙulla. Kuma duk wannan a ɗan siririn littafi da za ka gama tsakanin la'asar da isha. An mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci, ginin bai rushe ba.

Malam zai ce to Ruwan Bagaja fa? Gaskiyarsa, kuma na fi son mu daɗe a nan, domin wannan littafi ne ya fi kusa da yadda 'yan'uwanmu masu sakin shafi kullum ke aiki. Tsakiyar Ruwan Bagaja a sake take. Alhaji Imam ya shiga wannan gari, ya yi karo da Malam Zurƙe, ɗaya ya yi wa ɗaya tsiya, a rabu, a sake gamuwa a gaba a rama. Za ka iya cire gari guda ko ka sauya musu jeri, labarin bai ji ciwo ba. Kana karantawa kana jin marubucin yana nishaɗi, abin da ya zo masa na ban dariya yana sakawa. Amma dubi turken da aka kafa tun farko: an kunyata Liman a fada don ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, ɗansa ya fita nemo ruwan don ya wanke shi. Sunan littafin ma shi ne alƙawarin. Duk yawon da za a yi, mai karatu ya san sai an dawo da ruwan nan, kuma an dawo da shi. Akuyar da aka ɗaure da doguwar igiya tana kiwo yadda take so, amma da yamma an san inda za a same ta.

Ganɗoki kuwa, da girmamawa ga Malam Bello Kagara, ni dai a karatuna rabinsa na farko da ke kan yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa ya fi kama zuciya. Da aka tsallaka ƙasashen aljanu sai na ji kamar an shiga wani littafin daban. Wasu na son hakan, ba na musu da su.

Akwai wata 'yar ƙanwata da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha, ita ma tana rubutu a waya, kuma tana da masu bin ta. Da na kawo mata wannan magana sai ta ce, "Kawu, in na riga na san ƙarshen ai daɗin rubutun ya tafi. Ni ma so nake in ga abin da zai faru." Na ce mata, "'Yata, direban da ya yi lodin Kano a tasha ya san Kano za shi. Ko ya bi ta Ningi, ko ya zagaya ta Darazo, ko ya tsaya a hanya a ci abinci, wannan ruwansa. Abin da fasinja ba za su yafe ba shi ne a kai tsakiyar daji ya juyo ya tambaye su, wai ina ma muka nufa?" Ta yi dariya, amma ba ta sallama ba. Ta ce wani lokaci mutanen cikin labarin ne ke ƙin bin abin da ka shirya musu. Ka tsara kishiya muguwa, kana cikin rubutu sai ka ga ashe ita ma abin tausayi ce, in ka matsa mata ta tsaya a muguntar sai labarin ya zama ƙarya.

A nan ta fi ni gaskiya, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi da ɓangaren Malam ke da ita. Na taɓa duba labaran ɗalibai a wata makaranta da aka roƙe ni in taya alƙalanci, kuma waɗanda suka fi gundura ta su ne waɗanda aka tsara tun daga darasi. Tun layin farko ka san mai talla sai ta yi cikin shege, mai shaye-shaye sai ya haukace, mai biyayya sai ta auri mai kuɗi. Mutanen ciki ba sa numfashi, kamar allunan talla aka kakkafa a bakin titi. Irin wannan tsari ni ma ba na so. Sanin ƙarshen labari daban, yanke wa mutanen ciki hukunci tun kafin su buɗe baki daban. Abin da nake nufi da ƙarshe shi ne amsar tambayar da kai marubuci ka jefa wa mai karatu. In ka ce an sace takardu, ka san ɓarawon. In ka raba uwa da ɗa, ka san ko za su gana. Yadda kishiya za ta kasance a hanya, da maganar da za ta fito daga bakinta, bar wa alƙalami.

Kuma ba a hana canza shawara ba. Charles Dickens na Ingila, wanda shi ma kashi-kashi yake sakin littattafansa ana saye, ya canza ƙarshen Great Expectations a 1861 bisa shawarar wani abokinsa marubuci. Amma yana da ƙarshen a hannu kafin ya canza, kuma kafin a buga ya canza. Shi ɗin ma a farkon aikinsa kusan kara-zube yake tafiya, daga baya, tun daga littafinsa Dombey and Son na 1846, ya koma yana rubuta wa kowane kashi takardar tsari. Mutumin da ke ci da sakin labari kashi-kashi ne aiki ya koya masa haka. A ɗaya gefen kuma ga George R. R. Martin na Amurka, mai littattafan da aka yi fim ɗin Game of Thrones da su, wanda da bakinsa yake kwatanta kansa da mai lambu da ke shuka ya jira ya ga abin da zai tsiro, ba magini mai zane ba. Ba wanda ke musun gwanintarsa. Littafi na biyar ya fito a 2011, masu karatunsa suna nan suna jiran na shida.

A wajen zaman wani ya kawo misalin Mamman Shata, cewa ai shi nan take yake waƙa ba ya zama ya tsara. Haka aka san shi. Sai dai kafin ya buɗe baki kalangu ya riga ya kafa kiɗa, 'yan amshi sun riƙe amshi, shi kuma yana da shekaru masu yawa na sana'a a cikinsa. Sannan waƙar yabo duk inda aka tsaya ta yi, ba wanda ke zaune yana jiran a faɗa masa wa ya yi kisa. Haka kakanninmu da tatsuniya. Tsohuwa tana ƙara gishiri yadda ta ga dama, yau ta tsawaita gobe ta gajarta gwargwadon barcin yara, amma ba ta taɓa fara labarin Gizo ba tare da ta san yadda wayonsa zai ƙare ba. Shiri irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 kuwa zai iya shekaru yana tafiya, domin rayuwar gari yake nunawa, bai yi wa kowa alƙawarin ranar gamawa ba. Littafin da aka sa wa suna, aka sa wa farashi, aka ce ga sirri a ciki, ya yi wannan alƙawari.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba, kuma ita ta fi damuna a matsayina na uba. Marubuciyar da ba ta san inda za ta ba, masu sharhi ne ke ja mata linzami. Ta saki shafi da daddare, da safe ta tarar da ra'ayoyi: a kashe wance, a haɗa wane da wance, a ƙara zafi. Waɗanda suka fi surutu a zaure ba lallai su ne suka fi hankali ba. Tunda kowane shafi sai ya ƙare da abin da zai sa a jira na gobe, kuma ainihin labarin ya ƙare mata tun tuni, sai a koma ga abin da ya fi sauƙin tayar da hankali: kishi, boka, duka, daga nan sai ɗakin kwana. Da yawa daga cikin batsar da muke kuka da ita a littattafan waya, ni a ganina ba da ita aka fara ba. Cike gurbi ce. 'Ya'yanmu kuma suna cikin waɗannan zauruka.

A zamanin littattafan kasuwar Kano, lokacin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, ana fitar da littafi na ɗaya da na biyu da na uku, mu ma mun yi jiran ci gaba a wajen masu sayar da littattafai. Amma kuɗin ɗab'i da ke fita daga aljihun marubuci yana sa shi ya zauna ya yi tunani kafin ya kai wa maɗaba'a. Yanzu wannan birki ya tafi. Abin da aka rubuta da ƙarfe tara, tara da minti biyar yana hannun jama'a, kuma ba a komawa a gyara. Ita ce babbar matsalar. Wanda ke rubutu a ɗakinsa ba wanda ya gani, ya yi ta lalube yadda yake so, in ya gano ƙarshen a shafi na 80 ya dawo ya gyara na 5. Ni ba ni da ja da wannan ko kaɗan, marubuta da yawa haka suke aiki. Mai saki kullum ba shi da wannan dama, don haka shi ne ya fi kowa bukatar ya san inda za shi, kuma abin mamaki shi ne ya fi kowa gudun tsari.

Na san halin da yawancin marubutan nan ke ciki. Mata ne, tsakanin girki da raino da jiran a kawo wuta suke taifin da babban yatsa. Ba na cewa su sayi kundi su cika shi da zane-zane. Bayan ambulan ma ya isa: sunayen mutane da shekarunsu da sana'arsu don kada likita ta wayi gari lauya, tambayar da labarin ya ɗauko, da amsarta. Masu shiga gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 sun san wannan, domin in an ce maka kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ba ka da filin da za ka kira aljani ya fitar da kai.

Saboda haka na sassauta shawarata, kuma ga yadda zan sake gabatar da ita. Ba za a tilasta wa kowa miƙo tsari kafin ya fara ba, Malam ya ci wannan. Amma ba za mu karɓi labarin da aka rufe da "mu haɗu a kashi na biyu" ba, sai kammalalle. Sannan duk wani ɗan ƙungiya da ke son a tallata masa littafin kuɗi a wannan shafi, ya nuna wa mutum biyu daga kwamiti cewa ya gama rubutawa, ko aƙalla babin ƙarshe yana hannu, su kuma su riƙe masa sirri. Sunan ƙungiya muke ɗorawa a kan tallan, kuma in labari ya maƙale mu za a tare a hanyar masallaci.

'Yar ƙanwar tawa ta turo mini saƙo shekaranjiya, layi uku kacal, ta ce ga ƙarshen littafinta na gaba, in ajiye, kada in faɗa wa mamanta. Ta ƙara da cewa ba ta yi alƙawarin ba za ta canza ba. Na ajiye.

Zama na gaba Asabar ɗin farkon wata ne bayan la'asar, a inda muka saba. Masu rubutu a cikinmu, musamman mata da ba su cika samun zuwa ba, ku zo ko ku aiko da ra'ayinku ta hannun shugabar mata, za a karanta a zaman. Malam ya ce zai zo da nasa littattafan.